Ku Tambaya Mu Amsa: Mai Fatsa Da Masu Kafa Dokokin Teku

Wasiƙun wannan makon duk daga masu kamun kifi a teku don nishaɗi ne, mutanen da ke fita da sanda da fatsa ranar hutu, ba don sayarwa ba. Kokensu kusan ɗaya ne: ana kafa musu doka ba tare da an ji ta bakinsu ba. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, ga kuma amsoshin masu lura da wannan shafi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne, manyan jiragen kamfani suna kwashe kifi tan-tan da taru, amma sai a zo kan mai fatsa ɗaya a ce kada ya wuce kifi biyu a rana. Ina adalci a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai idan ka shiga zauren shawara da ita kaɗai, cikin minti biyar za a kayar da kai. Dalili kuwa shi ne ba a lissafa kifin teku a dunƙule, jinsi-jinsi ake bi. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2004 ya duba alƙaluman Amurka na 2002, ya gano cewa masu nishaɗi kashi 4 cikin ɗari kacal suka kama na duk kifin da aka fitar daga teku. Amma da aka ware jinsunan da ake fargabar raguwarsu, sai kason ya haura zuwa 23, a Mashigin Tekun Meksiko ma ya kai 64. Manyan jirage sun fi bin kifin da ke yawo garke-garke a tsakiyar teku, masu fatsa kuwa suna taruwa ne a kan 'yan jinsunan da ke zaune kusa da gaɓa da kan duwatsu, kuma manyan cikinsu suke nema. Kifi biyu ba komai ba ne, amma a ninka shi da mutum miliyan.

Haka ta faru a Turai da kifin bas na teku. Lokacin da aka ɗauki matakan gaggawa a 2015, an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ake kashewa ta hannun masu nishaɗi ne. Sai aka tsayar musu da uku a rana, aka ɗaga mafi ƙanƙantar girman da za a riƙe daga santimita 36 zuwa 42, aka kuma dakatar da jiragen da ke jan taru a tsakiyar ruwa lokacin da kifin ke taruwa don zuba ƙwai. Tambayar da ke da ƙarfi a gaban hukuma ita ce: ragin da aka yi mana daidai yake da wanda aka yi wa sauran? Idan masana sun ce a rage kashi 20, ku nemi a nuna muku a rubuce yadda kowane ɓangare zai sauke nasa kashi 20 ɗin, har da kifin da jiragen kasuwa ke zubarwa matacce a teku, wanda sau da yawa ba ya shiga lissafin abin da aka sauke a tasha.

Tambaya: Shekarata goma sha ina fatsa, ba wanda ya taɓa tambayata abin da na kama. To daga ina hukuma ke samo adadin da take cewa mun wuce kasonmu?

Amsa: Ƙiyasi ne, ɗan'uwa, kuma a nan ne rigima ta fi yawa. Mai kamun kasuwa yana sauke kayansa a tasha, a ɗora a sikeli, a rubuta. Masu nishaɗi kuwa sun warwatsu, don haka ake tattara abu biyu dabam-dabam a ninka su. Na farko shi ne yawan fita: sau nawa mutane suka je kamun kifi a cikin wata biyu. Wannan ta takardar tambaya ake samunsa, wadda ake aika wa gidaje. Na biyu shi ne abin da fita ɗaya ke kawowa: ma'aikata suna tsayawa a bakin gaɓa da wuraren sauke kwale-kwale, suna tare masu dawowa, su ƙirga, su auna, su tambayi nawa aka saki. A misali, idan aka ƙiyasta fita 200,000, kowace fita ta kawo kifi ɗaya da rabi, kowane kifi kilo biyu, an samu tan 600 ke nan. Kuskuren kashi 30 a adadin fita kawai zai ƙara tan 180 da ba wanda ya kama, kuma a kan wannan za a iya rufe muku kakar kamu.

Wannan ya taɓa faruwa da gaske. A Amurka an daɗe ana buga wa mutane wayar gida don jin yawan fitarsu, har wayar hannu ta kashe amfanin hanyar. A 2018 aka koma aika takarda ta gidan waya, sai ƙiyasin yawan fita ya ninka sau da dama, aka sake lissafin shekarun baya gaba ɗaya. A 2023 kuma hukumar kamun kifi ta ƙasar da kanta ta bayyana cewa wani gwaji ya nuna yadda aka jera tambayoyin a takardar yana iya kumbura adadin da kashi 30 zuwa 40. Mutum idan aka fara tambayarsa wata biyun da suka wuce, yakan cusa fitar da ya yi kafin nan. Sauran wuraren da lissafi ke yoyo su ne masu fita da dare, masu sauka a mashigar gidajensu inda ma'aikaci ba ya zuwa, da jinsin da ba a cika kamawa ba, inda hira biyu ko uku ke wakiltar jiha guda. Kowane ƙiyasi yana zuwa da ma'aunin rashin tabbas a gefensa. Ku nemi a nuna muku shi. Idan ya haura kashi 50, adadin bai isa a gina rufe kaka a kansa ba, kuma masanan ma sun yarda da haka.

Labarin jan sinafa, wani kifi da ke zaune kan duwatsun ƙasan teku, a ɓangaren Amurka na Mashigin Meksiko ya isa misali. An raba kason ne kashi 51 ga 'yan kasuwa, 49 ga masu nishaɗi. Da kifin ya fara farfaɗowa, sai ya ƙara girma, ya ƙara sauƙin kamuwa, kason kuwa da nauyi ake auna shi, don haka ya riƙa cika da wuri. Jihohi suna tsawaita kaka a ruwansu na kusa da gaɓa, ana cire abin da aka kama can daga jimla, kwanakin kamu a ruwan gwamnatin tarayya, wato na nesa da gaɓa, suna ta raguwa: kwana tara a 2014, kwana uku a sanarwar farko ta 2017. Ga kifi ya cika teku, ga kaka ta koma kwana uku. Abin da ya warware kullin shi ne miƙa wa jihohi biyar na yankin ikon tsara kakarsu, wanda ya tabbata a 2020, kowace da nata tsarin ƙirga. A Misisifi, alal misali, sai ka yi rajista kafin ka fita, ka ba da rahoto da ka dawo. Ko wannan ma bai zo salin-alin ba, domin alƙaluman jihohi da na tarayya ba mudu ɗaya ba ne, sai da aka yi shekaru ana jayayya kan yadda za a daidaita su.

Abin da ƙungiya za ta iya yi da kanta shi ne littafin rubuta kamu. Kowace fita a rubuta kwanan wata, yanki, zurfin ruwa, mutum nawa, awa nawa aka yi fatsa na cikin ruwa, jinsi, tsawon kowane kifi a santimita a kan allon awo, da wanda aka riƙe da wanda aka saki. Kuskuren da ya fi lalata irin wannan littafi shi ne ƙin rubuta ranar da aka dawo hannu rabbana. Littafin da babu sifili a cikinsa yana nuna kamar kifi ya fi yawa, kuma yana nuna kamar kun fi kamawa. Ku zauna da masanin hukuma ko na jami'a tun kafin ku fara, ya duba tsarin, don kada ku yi shekara uku kuna rubutu a ce ba zai shiga lissafi ba. Ma'aikacin da ya tare ka a bakin gaɓa kuma ka tsaya ka amsa masa, ko da ba ka kama komai ba.

Tambaya: Ƙungiyarmu tana da mutum kamar sittin. Kullum sai doka ta fito muke ji, mu rubuta takardar koke, shiru. Ta ina ake shiga?

Amsa: Ihu bayan hari kuke yi. Doka irin wannan tana ɗaukar shekara ɗaya zuwa uku tana dahuwa, kuma hanyarta kusan ɗaya ce ko'ina. Masana suna tantance yawan kifin, kwamitin kimiyya ya faɗi iyakar abin da za a iya cirewa, ma'aikata su tsara zaɓuɓɓuka uku ko huɗu, a fitar da daftari don jin ra'ayin jama'a, sannan a sa hannu. Iyakar da kimiyya ta tsayar da wuya ta motsa, a Amurka ma doka ta hana majalisun kamun kifi wuce ta. Inda maganarku ke da tasiri shi ne lokacin tsara zaɓuɓɓuka, domin abin da bai shiga jerin ba, ba za a zaɓe shi ba.

Ku fara da sanin wanda ke da iko da ruwan da kuke magana a kai. A Amurka ruwan jiha ya tsaya mil uku na teku daga gaɓa, ban da Tekzas da gaɓar yammacin Fulorida inda ya kai mil tara. Daga nan zuwa mil 200 na tarayya ne, ƙarƙashin dokar Magnuson-Stevens ta 1976, wadda ta kafa majalisu takwas na yankuna. Gwamnoni ke ba da sunayen membobi, Sakataren Kasuwanci ya naɗa, zamansu a buɗe yake, kuma kowace majalisa tana da kwamitocin ba da shawara da ake cike gurbinsu ta hanyar neman shiga. A Tarayyar Turai majalisun ba da shawara sun ware kashi 60 na kujeru ga masana'antar kamun kifi, 40 ga sauran masu ruwa da tsaki, kuma a cikin 40 ɗin nan masu fatsa ke zama tare da ƙungiyoyin kare muhalli. Ko'ina kuke, akwai makamancin wannan. Ku ware mutum biyu da aikinsu ke nan: bin jadawalin zama, karanta takardun da ake fitarwa kafin zama, da halarta a kai a kai, har ranar da ba maganarku ake yi ba. Fuskar da aka saba gani ita ake kira a tambaya.

Takardar ra'ayi kada ta wuce shafi biyu. Ku ambaci lambar daftarin da sashen da kuke magana a kai, ku faɗi zaɓin da kuke goyon baya, ku kawo hujja daga littafinku, ku nuna cewa shawararku tana kaiwa ga ragin da ake nema. Wasiƙa dubu masu kalmomi iri ɗaya ana ɗaukarsu a matsayin ra'ayi guda, ko da yake yawansu yana girgiza 'yan siyasa. A Niyu Zilan a 2013, ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan da aka gabatar kan sinafa a yankin arewa maso gabas shi ne sauko da adadin rana daga tara zuwa uku. Jama'a suka yi ca, a ƙarshe aka tsaya a bakwai, aka ɗaga girman daga santimita 27 zuwa 30. Lura da cewa ba su fita fes ba, wani abu suka bayar suka karɓi wani.

Sai ku san me kuka fi so tun a gida, domin kayan aikin hukuma uku ne: adadin rana, girman kifi, da tsawon kaka. Rage adadi daga biyar zuwa uku ba ya rage komai idan yawancin mutane da ɗaya suke dawowa, shi ya sa za ku ga an faɗo har ɗaya ko biyu kafin lissafi ya fita. Ɗaga girma yana ƙara yawan wanda ake saki, wasu kuma su mutu. Rufe kaka ya fi cizo idan ya faɗa lokacin hutu. Ga kifi mai tsawon rai, tsarin da ya sa iyaka ƙasa da sama ya fi, domin manyan mata su ne ke zuba ƙwai mafi yawa. Ƙungiyar da ta shiga zama rabinta na son doguwar kaka, rabi na son adadi mai yawa, hukuma ce za ta zaɓar mata.

Tambaya: Ana shirin keɓe wani yanki na teku a hana kamun kifi. Mu yi adawa ko mu bari?

Amsa: Ku fara neman taswira da manufar da aka rubuta. Yarjejeniyar da ƙasashe suka cimma a Montiriyal a Disambar 2022 ta ce a kare kashi 30 na ƙasa da teku kafin 2030, amma ba ta ce duk wurin da aka kare a hana kamu gaba ɗaya ba. Gandun teku hawa-hawa ne. Idan manufar kare ƙasan teku ce daga taru mai sharar ƙasa, babu dalilin hana mai jan fatsa a saman ruwa. Idan kuwa manufar kare wurin taruwar zuba ƙwai ce, to fatsa ma tana ɓarna a nan, kuma gara ku ne ku fara faɗa.

Babban Shingen Murjani na Ostareliya shi ne misalin da aka fi nazari. A 1 ga Yuli 2004 aka faɗaɗa wuraren hana kamu daga ƙasa da kashi 5 zuwa kusan kashi 33, bayan an karɓi ra'ayoyi sama da 31,000, kuma layukan daftarin farko sun motsa sosai saboda su. An bar yankuna masu launin rawaya inda aka yarda da fatsa ɗaya mai ƙugiya ɗaya ga kowane mutum. Wani bincike na 2012 a tsibiran Keppel ya bi ƙwayoyin gado, ya gano cewa gandun da ya ƙunshi kashi 28 na duwatsun murjanin wurin shi ke samar da kusan rabin 'ya'yan jinsunan kifi biyu da aka bincika da ke tasowa a yankin, har da wuraren da ake kamu. Wanda ya ce gandu ba ya amfanar mai fatsa bai karanta ba. Wanda ya ce kowane gandu yana amfani shi ma haka, domin wanda ba a sintiri a kansa suna ne kawai a takarda.

Masu fatsa suna da ɗabi'ar ɓoye wurarensu. A lokacin shata iyaka wannan ɗabi'a tana cutar da su, saboda wurin da ba a nuna ana amfani da shi ba, shi ne mafi sauƙin rufewa. Ku ba da bayanin a kan taswira mai murabba'ai, kilomita ɗaya ko biyu kowanne, ba sai kun ba da ainihin wurin ba. Ku nemi iyakoki miƙaƙƙu da na'urar nuna wuri za ta iya karantawa, ku kare wuraren da masu ƙananan kwale-kwale da masu tsayawa a gaɓa ke iya kaiwa, ku nemi a auna kifin wurin kafin a rufe, a kuma rubuta shekarar da za a sake duba tsarin.

Tambaya: Malamai, idan na ciro kifi daga zurfi na sake shi, sai ya yi ta shawagi a sama, wani jan abu ya fito masa ta baki. Me ke faruwa, kuma ina ruwan hukuma da kifin da na saki?

Amsa: Ruwanta ne ƙwarai, 'yar'uwa, domin wanda ya mutu bayan an sake shi ana cire shi daga kasonku. A gaɓar gabashin Amurka ana lissafa cewa kashi 9 na bas mai ratsi da aka saki yana mutuwa. Wanda ya saki ashirin a rana ya kashe kusan biyu, ya fi wanda ya riƙe ɗaya ya tafi gida. A wasu shekarun wannan mutuwa ta kai kusan rabin duk abin da aka rasa na jinsin, shi ya sa tun 2021 aka wajabta ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe ga mai sa nama ko ƙaramin kifi a ƙugiya. Ita wannan tana zamewa daga maƙogwaro ta kama gefen baki. Ba a fizgarta, bari ake yi zaren ya miƙe da kansa.

Abin da kika gani kuwa aikin matsin ruwa ne. Kifi yana da jakar iska a cikinsa. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar sarari sau ɗaya, don haka iskar da ke jikin kifi a mita 30 tana kumbura ninki huɗu kafin ya iso sama. Cikin ya yi tauri kamar ganga, idanu su firfito, jan abin da ya leƙo ta baki kuwa tumbinsa ne da iska ta turo waje. Kada a huda shi, kada a tura shi ciki da yatsa. Maganin shi ne mayar da kifin zurfi da sauri, matsi ya mayar da komai wurinsa. Ana yi da ƙugiya marar ƙaya da aka juya kanta ƙasa aka ɗaura mata darma, ko wata na'ura mai kama leɓen kifin da ke buɗewa da kansa a zurfin da aka saita, ko kwando mai nauyi da aka kife a kansa. Kilo ɗaya na darma ga kowane kilo biyar na kifi, a kan sanda ta dabam da aka shirya tun kafin a fara kamu. A kai shi zurfin da aka kamo shi, ko aƙalla rabinsa. A kudu maso gabashin Amurka doka ta 2020 ta ce nauyin kada ya gaza giram 450, igiyar kada ta gaza mita 18, a Mashigin Meksiko kuma a Janairun 2022 aka wajabta wa jirgin da ke kamun kifin duwatsu a ruwan tarayya ya riƙe wannan na'ura ko allurar fitar da iska. Allurar mai rami ce, ana soka ta a karkace ƙarƙashin ɓawo, santimita uku zuwa biyar bayan gindin fiffiken gefe, iya zurfin da za a ji iska ta fita. Hannun da bai saba ba yakan soki hanta ko hanji, don haka mu mun fi son mayarwa zurfi. A jiƙa hannu, a riƙe kifin a kwance, kada ya wuce daƙiƙa 30 a waje, idan ya haɗiye ƙugiya a yanke zaren kusa da baki.

Tambaya: Ana maganar sa mana kuɗin lasisi. Ba wata hanyar tatsa ba ce?

Amsa: Ya danganta da inda kuɗin zai kwana. A Amurka tun 1950 ake cire harajin kashi 10 a kan kayan fatsa, a 1984 aka ƙara da na man ƙananan jirage, ana raba wa jihohi don gyaran mazaunin kifi, bincike da wuraren sauke kwale-kwale, da sharaɗin jiha ta yi dokar hana karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki. A jihar Niyu Sawut Wels ta Ostareliya an fara karɓar kuɗin a kan kamun teku a 2001, aka zuba shi a asusun amana, aka saye lasisin 'yan kasuwa a wasu wurare, a 2002 aka keɓe wa masu nishaɗi yankuna 30. Lasisi kuma yana ba da jerin sunayen da ake aika wa takardar tambaya, ƙiyasi ya ƙara inganci, ya kuma ba ku adadin da za ku faɗa a zaure. Kafin ku amince, ku nemi a rubuta asusun a cikin dokar kanta, a ba ku kujeru a kwamitin da ke kashe kuɗin, a buga rahoton shiga da fita kowace shekara, a kuma yafe wa yara.